Inshorar dabbobi da kuɗin likita: wa ke biya, yaushe, kuma da wace takarda?

Bara, saura wata biyu Babbar Sallah, wata tunkiyata 'yar Uda ta daina cin dusa. Tana shan ruwa, tana tsaye, amma kullum ramewa take, cikin kuma ya yi tauri ta hagu. Da likitan dabbobi ya zo gida a unguwar Fadaman Mada da ke Bauchi, ya danna cikin da dunƙulen hannu sau biyu, ya ce, "Malam, leda ce. Sai tiyata." A gabana ya ciro abin: dunƙulen baƙar leda, igiyar buhu da ledar ruwan sha, duk sun cure wuri ɗaya, sun kusa cika ƙaramar roba. Tunkiya ta tashi, har ta haifi tagwaye daga baya, amma abin da na biya ya kusa rabin kuɗinta a kasuwar Durum. Da na ba da labarin a majalisa, wani dattijo da ɗansa ke karatu a Ingila ya ce can ko kyanwa tana da inshora, kamfani ne ke biyan likita. Daga nan tambayoyi suka yi ta zuwa, musamman da yake na daɗe ina riƙe da takardun ƙungiyarmu ta masu kiwon kaji. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Wai da gaske akwai inshorar kyanwa da kare?

Akwai, kuma ta daɗe. A ƙasar Suwidin aka fara rubuta irinta a 1890, don dawakai da dabbobin gona. A can ne kuma aka fara yi wa kare a 1924. Ingila ta bi a 1947, Amurka sai 1982. Mai dabba yana zubin kuɗi duk wata ko duk shekara, idan dabbar ta yi ciwo ko haɗari, kamfani ya ɗauki wani kaso na kuɗin magani.

To in ina da ita, sai in kai dabba asibiti in yi tafiyata, kamfani ya biya?

A nan ne dattijon namu ya ji rabin labari. A mafi yawan tsarin, kai ne za ka fara biyan likita daga aljihunka, ka karɓi rasit, ka cika takardar neman diyya, ka haɗa da bayanin likita ka tura. Bayan sun duba, su mayar maka da wani ɓangare. Wasu asibitoci a Ingila kan yarda kamfani ya biya su kai tsaye, amma alfarma ce da sai an shirya ta tun kafin a taɓa dabbar.

Kuma ba duka ake mayarwa ba. Akwai kason da aka rubuta cewa mai dabba ne zai ɗauka kafin kamfani ya sa hannu. Abin da ya rage kuma ba a biyansa ɗari bisa ɗari. A Amurka an fi yin 70, 80 ko 90 cikin ɗari. Mu buga lissafi da naira don a gane. A ce tiyatar doki ta ci 200,000, kasonka na farko 40,000 ne, kamfani kuma yana biyan 80 cikin ɗari. A cire 40,000, saura 160,000. Kashi 80 na wannan shi ne 128,000. Wato abin da ya fita daga jikinka 72,000 ne, ban da zubin da ka yi ta yi, kuma sai ka nemo 200,000 ɗin gaba ɗaya a ranar, ka jira makonni kafin 128,000 ta dawo. Akwai kuma iyakar abin da za su biya a shekara. In an kai ta, sai baɗi.

Me ya sa ake hana mutum kuɗi bayan ya daɗe yana zubi?

Dalili na farko, wanda ya fi kowane yawa, shi ne tsohon ciwo. Duk ciwon da dabba ke da shi kafin a yi rajista, ko alamarsa ta bayyana kafin nan, ba ya ciki. Da na yi wa tunkiyata inshora ranar da ta daina cin dusa, ko sisi ba zan samu ba, don ledar ta riga takardar shiga.

Na biyu, kwanakin jira. Bayan rajista akwai wa'adin da inshorar ba ta fara aiki ba, sau da yawa mako biyu ga rashin lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan kam ina ganin suna da gaskiya, don in ba haka ba kowa zai jira sai dabba ta kwanta sannan ya ruga ofis. Na uku, sakaci: idan akwai allurar rigakafin cutar, kai kuma ba ka yi ba, ko ka yi amma ba ka da shaida, sun samu ƙofar fita.

A nan gida me muke da shi?

Abin da ya fi kusa da makiyayin Bauchi shi ne inshorar dabbobin kiwo. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin inshorar noma a 1987, dokar 1993 kuma ta kafa hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, da ke tafiyar da shi. Tana karɓar shanu, tumaki, awaki, kaji da kifi, kuma a tsarin dokar gwamnati na ɗauke wa manomi rabin kuɗin zubin. Wanda ya taɓa cin bashin noma a banki wataƙila ya biya ta bai ma lura ba, don galibi tare ake ɗaura su. Wasu kamfanoni masu zaman kansu ma sun shigo harkar.

Amma a riƙe wannan bambancin da kyau. Ta kare da kyanwa a Turai kuɗin magani take biya. Ta dabbobin kiwo, mutuwa take biya: cuta, gobara, ambaliya, tsawa, haɗari. Kuɗin allura da tiyata suna wuyanka. Sata kuma, wadda ita ce babbar fargabar mai shanu daga Alƙaleri har Ningi, sau da yawa ba ta ciki sai an rubuta ta musamman. Kafin ka sa hannu, ka sa a nuna maka layin da yatsa.

Dabba ta kama hanyar mutuwa. In sa mata wuƙa ko in jira kamfani?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, don a nan al'adarmu da takarda suke karo. Mu dai mun tashi mun ga in bijimi ya faɗi, kafin a ce kwabo an kira mahauci, don kada ya zama mushe a yi biyu babu. Hakan daidai ne ga wanda ba shi da inshora. Ga mai inshora kuwa, gaggawar nan kan iya cinye diyyar baki ɗaya.

Wani ɗan ƙungiyarmu ya yi turkar bijimai da bashin banki, da inshora a kai. Ɗaya ya kumbura da dare. Kafin asuba an yanka, an feɗe, mahauta sun kwashe nama, fata ta tafi da lambar kunnen da ke jikinta. Bayan kwana huɗu ya je ofis. Aka tambaye shi takardar likita, babu. Hoton dabbar da lambarta, babu. Ya dawo ya zauna a kan bencin shagona yana juya hula a hannu, ya ce, "Yaya, wallahi ban yi ƙarya ba, unguwa duka ta gani." Na san bai yi ba. Amma unguwa ba ta sa hannu a takarda.

Abin yi shi ne, tun dabbar na numfashi ka kira likita, ka kira lambar kamfanin, ka tura saƙo a rubuce don ya zama shaida. Yawancin yarjejeniyoyi na ba da kwana ɗaya ko biyu ne kawai a sanar. Ka ɗauki hoto da bidiyo inda lambar kunne ta fito sarai. Idan likita ya ga ba za ta tashi ba, shi zai rubuta cewa a yanka, kuma yankan da likita ya ba da izini a rubuce ba ɗaya yake da na gaban kai ba. Kuɗin da aka samu na nama za a cire daga diyyar, saboda haka ka rubuta nawa aka sayar. Ka ajiye kunnen mai lamba.

Akwai kuma inda wuƙa ba ta halatta ko da babu inshora. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci, baki ko dubura kuma ba ya daskarewa, kada a feɗe ta, kada a taɓa ta da hannu. Alamar cutar antaraks ke nan, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Suleja a watan Yulin 2023, kuma tana kama mutum. Haka dabbar da aka ɗirka wa allurar kashe ƙwayoyin cuta jiya-jiya: a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci namanta ko a sha nononta. Sayar wa mutane irin wannan naman a ɓoye cin amana ne.

Waɗanne takardu zan riƙa ajiyewa?

Littafi ɗaya na makaranta ya isa. Ranar da aka sayi dabba da kuɗinta, ranar kowace allura da sunanta, da sa hannun wanda ya yi. Rasit kuma ya zama na dalla-dalla: duba dabba nawa, magani kaza nawa, tiyata nawa, da kwanan wata da hatimi. Takardar da aka rubuta "magani, 45,000" kawai ba ta ƙwato wa kowa haƙƙi. Ka ɗauki hoton kowane shafi a waya, don gara da ruwan sama ba sa tausayin takarda.

Malamai sun halatta inshora kuwa?

Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garar, wato rashin tabbas mai yawa da ke cikin cinikinta, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wato takaful. A takaful, zubin gudummawa ce cikin asusun mahalarta, daga ciki ake tallafa wa wanda asara ta samu, rarar da ta rage kuma ana iya raba musu. A Sudan aka fara kamfaninsa a 1979. A Najeriya hukumar kula da kamfanonin inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Ka tambaye su ko suna karɓar irin dabbarka, ka kuma kai wa malaminka takardar kanta ya karanta. Sai dai takaful ma na neman shaida kamar kowa. Duk abin da na faɗa a kan rasit da sanarwa yana nan daram.

Ba ni da inshora, ga likita ya yanka kuɗi mai yawa. Yaya zan yi?

Mafi yawanmu a nan muke. Ka nemi a gaya maka kuɗin gaba ɗaya tun kafin a fara aiki, har da allurar kwanakin baya da cire zare, don su ne ke zuwa wa mutum ba shiri. Ka tambaya kai tsaye: "Likita, in aka yi, tashinta ya fi yawa ko mutuwarta?" Likitan kirki ba ya jin haushin wannan. Ka tambaya ko akwai hanya mai sauƙin kuɗi, ko za a karɓi rabi yanzu rabi ƙarshen wata. In an yi maka wannan alfarmar, ka cika alkawari, don shi ma da kuɗinsa ya sayo maganin, kuma masu cin bashi su ɓace su ne suka sa likitoci da yawa suka daina ɗaga ƙafa.

Asibitin dabbobi na gwamnati ya fi sauƙi, ko da za a rubuta maka magani ka sayo a waje. Abin da nake roƙo a guje shi ne mai jaka a babur da ke yawo ranar kasuwa a Soro ko Mararrabar Liman Katagum, allura ɗaya ga kowane ciwo. Likita na gaskiya yana da rajista da hukumar kula da likitocin dabbobi ta ƙasa, VCN, kuma takardarsa ce kamfani ke karɓa. Arhar mai jaka kan ƙare da biya sau biyu.

Sannan a yi wa dabbobi nasu asusun. A ƙungiyarmu kowa na zuba wani abu duk wata, wanda dabbarsa ta kwanta a ranta masa, ya mayar a hankali. In gwamnatin jiha ta fito gangamin allurar ciwon huhu na shanu ko ta tumaki da awaki, a fito da su. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke maƙwabciyarmu Filato tana haɗa irin waɗannan allurai, kuma tun 1924 take aiki. A kuma tsince leda daga garke kullum.

Karen gadi da kyanwar gida fa, su da ba a sayarwa?

Su ne aka fi bari da ciwo, saboda ba su da farashi a kasuwa, abin kuma yana ci mini rai. Hadisi ingantacce ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki nauyinta. Mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne allurar haukan kare: ana fara ta yana ɗan wata uku, a maimaita duk shekara, kyanwa ma haka. Cutar in ta nuna alama a jikin mutum kusan ba a tashi. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, a tafi da katin allurar karen in akwai.

Na cika kowane sharaɗi amma sun ƙi biya. Ina zan dosa?

Ka nemi su ba ka dalilin ƙin a rubuce, da lambar sashen yarjejeniyar da suka dogara da shi. Ka mayar da amsa a rubuce, ka haɗa kwafin rasit, hotuna da bayanin likita, ainihin takardun kuma su zauna a hannunka. Wani lokaci takarda ɗaya ce ta ɓace, da an kawo ta magana ta ƙare. In sun yi shiru ko sun kafe, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafin masu inshora, kuma kamfanonin a ƙarƙashinta suke. Ka rubuta mata da lambar yarjejeniyarka, ranar da dabbar ta mutu, ranar da ka sanar, da sunan wanda ya amsa kiran.