Greensburg, garin da aka sake ginawa kan lantarkin iska

Greensburg ƙaramin gari ne a kudancin jihar Kansas ta Amurka, kuma shi ne hedikwatar gundumar Kiowa. Ya yi suna a matsayin ɗaya daga cikin garuruwan Amurka na farko-farko da suka ɗauki alƙawarin dogara ga lantarki mai sabuntuwa da kuma tsimin makamashi. Duk da sunan ya yi kama da kalmar Turanci "green", wato kore, ba shi da alaƙa da kare muhalli: sunan D. R. Green ne, wani mai keken doki na haya a ƙarni na 19.

Da daren 4 ga Mayu, 2007, wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa garin. Faɗinta ya kai kilomita 2.7, gudun iskarta kuwa wajen kilomita 330 a awa guda, kuma ita ce ta farko da aka ba matakin EF5, mafi tsanani a sabon ma'aunin guguwa da Amurka ta soma amfani da shi a shekarar. Ta rushe kusan kashi 95 cikin ɗari na gine-gine, mutum 11 suka rasu. Gargaɗin da aka yi kafin isowarta ya ba mutane da yawa damar sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da ba don haka ba da asarar rayuka ta fi haka nesa.

A watan Disamba na 2007 majalisar garin ta zartar cewa duk ginin hukuma da ya haura murabba'in ƙafa 4,000 sai ya cika sharuɗɗan LEED Platinum, mataki mafi girma a tsarin auna gine-gine masu tattalin wuta da ruwa. Wannan shi ne ƙashin bayan shirin, ko da yake injinan iska ne suka fi shiga hoto. An yi bango mai kauri da ke hana zafi da sanyi ratsawa, an buɗe manyan tagogi don a yi karatu da aiki da hasken rana, an tara ruwan sama, an sauya fitilun titi zuwa na LED. Sabuwar makarantar garin tana ɗumama azuzuwa da sanyaya su ta hanyar bututun da aka binne cikin ƙasa. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa jan guga: ruwan rijiya yakan yi ɗumi da hunturu, ya yi sanyi da bazara, domin zafin cikin ƙasa ba ya sauyawa sosai. Cibiyar fasahar zane-zane ta 5.4.7, wadda ɗaliban Jami'ar Kansas suka gina, ta ɗauko sunanta daga ranar bala'in (wata na 5, rana ta 4, shekarar 2007), kuma ita ce gini na farko a jihar da ya sami matakin LEED Platinum.

A 2010 aka kammala gonar iska kusa da garin, mai injina 10, kowanne megawat 1.25, jimla megawat 12.5. Wannan ya fi ƙarfin buƙatar garin. Sai dai wutar ba kai tsaye take shiga gidaje ba. Tana zuba ne cikin babban layin lantarki na yankin, don haka in aka ce garin yana kan iska ɗari bisa ɗari, lissafin abin da ake samarwa da abin da ake sha ake nufi. Ranar da iska ta kwanta, daga layin ake jawo wuta kamar kowa.

Yankin na manoma ne da makiyaya masu ra'ayin riƙau. Bob Dixson, wanda aka zaɓa magajin gari a 2008, ɗan jam'iyyar Republican ne, kuma yakan gabatar da shirin a matsayin tattali irin na kakanni, waɗanda suka riƙa jan ruwa da fankar iska tun kafin zuwan lantarki.

Abin da shirin bai iya dawo da shi ba shi ne jama'a. Ƙidayar 2000 ta nuna mutum 1,574, ta 2010 ta nuna 777, ta 2020 kuma 740. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasa gidajensu sun kama zama a wasu garuruwa, kuma masana'antun da aka sa ran sunan da garin ya yi zai jawo ba su zo yadda aka zata ba. Baƙi dai suna zuwa, wasu don ganin gine-ginen, wasu don leƙa Big Well, rijiyar da aka haƙa da hannu a 1887 zuwa 1888 mai zurfin ƙafa 109, wadda aka sake gina gidan tarihinta bayan guguwar.