Tada Marsandi V-Boot da ta daɗe a ajiye: tambayoyi da amsoshi

Mercedes-Benz W124, wadda ake kira V-Boot a Najeriya, an fara ƙera ta a Jamus a ƙarshen 1984 har zuwa tsakiyar shekarun 1990. Da yawa daga cikin waɗanda ke hannun mutane a nan ta Kwatano ko ta Legas suka shigo, bayan sun gama yi wa Turawa aiki. Yau ga su nan jibge a gindin darbejiya ko a bayan gareji, tayoyi a sace, ƙura ta rufe gilashi. Amsoshin da ke ƙasa sun fi shafar samfurin 230E mai silinda huɗu, wadda injinta M102 ne, mai injekta.

Motar ta shekara huɗu ba a tada ta ba. In sa sabon batir in murɗa makulli?

A'a. Wannan murɗawar ta farko ita ce ke kashe inji da yawa. Baƙin mai ya riga ya tsiyaye ƙasa, bangon silinda ya bushe, wataƙila har ya yi tsatsa, ringi kuma ya manne. Kik na da ƙarfin da zai karya ringin ko ya kankare silinda cikin daƙiƙa biyu.

Ka fara da buɗe boneti ka duba abin da ya tare a ciki. Ɓeraye na yin sheƙa a gidan matatar iska, suna kuma cin wayoyi. Zanzaro na gina ɗakinsa a bakin salansa da duk wata kafa. Sannan ka cire fulogi huɗun, ka zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai ko man giyar otomatik a kowane rami, ka bari ya kwana biyu. Bayan haka ka sa soket mai lamba 27 a kan notin babban fuli na gaban inji, ka juya da hannu ta inda hannun agogo ke bi idan kana fuskantar injin. Kada ka juya baya, domin sarƙar tayimin ce ke cikin wannan injin, juya baya na iya sa ta tsallake haƙori. Idan ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, akwai rai. Idan ya ƙi motsi, kada ka ƙara wa sifana bututu ka danna da ƙarfi: ƙara mai, ƙara kwanaki.

Da ya juya, sai ka zubar da tsohon baƙin mai, ka canza filta, ka zuba kusan lita 5 na 15W-40 ko 20W-50. Ka cire rile na famfon fetur, wato ɗan akwatin da ke ba famfon wuta, wanda ke bayan batir, fulogi na waje har yanzu, ka buga kik na daƙiƙa goma sau biyu ko uku, har allurar agogon baƙin mai ta motsa. Wannan man na wanki ne, a sake canza shi bayan kilomita 500.

Ta yaya zan san ko ta cancanci a kashe mata kuɗi tun kafin in fara?

Abu biyu ne: tsatsa da ƙarfin matsin silinda. Motar da ta sha gishirin titunan hunturu a Turai tana ruɓewa ne daga ƙasa, fenti kuwa yana ƙyalli. Ka duba ramukan jak guda huɗu, ƙarƙashin mazaunin batir, wurin da sifirin na gaba ke zama a sama, da inda gadon ƙafafun baya ke ɗaure da jiki. Caka sukudireba. In ta shige a mazaunin sifirin ko a gadon baya, aikin ya wuce na fanel bita mai cika foti, sai ƙwararren mai walda, kuma sau da yawa kuɗin ya fi motar.

Matsin silinda kuwa da ma'auni ake gwada shi. Lafiyayyen inji na ba da bar 10 zuwa 12 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsi), kuma bambancin da ke tsakanin silinda da silinda bai kamata ya wuce bar ɗaya da rabi ba. Injin da ya daɗe a zaune yakan ba da ƙasa da haka a gwajin farko, ya gyaru bayan ya yi aiki na 'yan sa'o'i, saboda haka kada a yanke masa hukunci da wuri. A kuma duba takardun kwastan, lambar shasi ta dace da ta takarda. Ta 230E mai but tana farawa da WDB124023.

Tsohon fetur ɗin da ke tanki fa?

Ba fetur ba ne yanzu. Ya yi ja, yana warin fenti, ya bar danƙo a ko'ina, kuma raɓar damina huɗu ta taru a gindin tanki. Tankin yana bayan kujerar baya, lita 70 yake ci. A tsiyaye shi kaf, a kwance rariyar da ke gindinsa a wanke ko a canza. Famfo da filta da wani ɗan tulu mai riƙe matsi suna tare a ƙarƙashin mota, kusa da tayar baya ta dama. Filta sabo dole ne. Duk robar fetur da ta tsattsage a canza ta, kuma a sa robar da aka yi don mota mai injekta, ba ta kafireta ba, domin matsin wannan tsarin ya haura bar 5. Robar banza fashewa take yi, ta fesa fetur kusa da salansa.

An zuba sabon fetur, kik na juyawa, amma ta ƙi tashi. Ina za a fara nema?

A nan ne ake asarar kuɗi, don haka a bi a hankali. Da farko wuta: cire wayar fulogi ɗaya, sa mata fulogi, jingina shi da ƙarfen inji, a buga kik. Ana son tartsatsi shuɗi mai ƙara. In babu, buɗe hular distiributa a duba tsaga da danshi, a duba rota da kwayil. Jerin wuta 1-3-4-2 ne, tazarar bakin fulogi milimita 0.8.

In akwai wuta, saurari famfo. Da an murɗa makulli ya kamata a ji gurnaninsa na ɗan lokaci daga baya. In shiru, je bayan batir, akwai murfin roba, a bayansa rile na famfo yake. Cire shi ka haɗa ƙafa ta 30 da ta 87 da guntuwar waya. Famfo ya tashi, rile ne ya mutu. Bai tashi ba alhali wuta na isa gare shi, danƙo ya kama shi.

Sai babban abin, wato tsarin Bosch KE-Jetronic. Cire gidan matatar iska, za ka ga wani faifai kamar murfin kwano. Iskar da inji ke zuƙa ita ke danna shi ƙasa, shi kuma ya tura wani siririn fistin a cikin kan rabon fetur, wanda bututan ƙarfe huɗu ke fita daga cikinsa. Tsohon fetur wannan fistin yake kamawa. Yayin da famfo ke aiki, danna faifan a hankali da yatsa: ya kamata ka ji turjiya iri ɗaya daga sama har ƙasa, ka kuma ji injektoci na ƙara kamar kukan tsanya. Daƙiƙa biyu ya isa, in ka daɗe za ka cika silinda da fetur. Idan faifan ya faɗa ba turjiya, fistin ya maƙale a sama ko babu matsi; in ya ƙi dannuwa, ya maƙale a ƙasa. Ana cire kan, a jiƙa fistin da abin wanke kafireta har ya zame da kansa. Ba a goga masa sanfefa, ko kaɗan.

Akwai kuma wani ɗan sukuru mai cin makullin alan na milimita 3 kusa da faifan. Duk bakaniken da bai san tsarin ba nan hannunsa ke fara zuwa. Kada a bari a taɓa shi sai komai ya daidaita kuma akwai na'urar awo, domin kwatan juyi kaɗai na iya hana mota tashi, kuma laifin da ake nema ba a nan yake ba tun farko.

Ta tashi, amma tana wahalar tashi da safe, tana mutuwa a silo, fitilar ABS, tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki, na kunne.

Waɗannan ukun idan suka haɗu, kusan kullum rile ɗin OVP ne, mai kare kwamfuta daga wutar da ta yi yawa, wanda ke kusa da na famfo, mai fis na amfiya 10 a kansa. Shi ke ba kwamfutar injin da ta ABS wuta. Fis ya ƙone ko dalmar cikinsa ta tsage, sai motar ta koma tafiya da ɓangaren ƙarfe zalla, ba taimakon kwamfuta. In ba shi ba ne, duba robobin iska na bawul ɗin silo, waɗanda zafi ke busarwa su tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani.

Idan kuwa akasin haka ne, tana tashi da safe lafiya amma in ta yi zafi aka kashe ta minti ashirin sai ta ƙi, matsin fetur ne ke zubewa. Ɗan tulun nan na kusa da famfo, ko bawul ɗin bakin famfo, shi za a canza.

Bakanike ya ce a cire injekta a mayar da ita kafireta. Shawara ce?

Tana yiwuwa, domin samfurin 200 da kafireta ya fito daga kamfani, kuma ana samun kayansa na Beljiyam a Kofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas. Amma motar za ta rage ƙarfi, sau da yawa ta ƙara shan mai, kuma in otomatik ce sai an yi fama da saitin canjin giya. Mafi yawan waɗanda aka mayar, laifinsu bai wuce rile ko fistin da ya maƙale ba. Kafin a amince, a nemi wanda ke da agogon auna matsin fetur.

Zafi fa? An ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye.

Wannan rufe ciwo ne. Tamostat ɗin na buɗewa a digiri 87, kuma idan ya buɗe yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto ba. In an cire shi, wani ɓangaren ruwan na komawa inji da zafinsa. A sa sabo, a wanke lagireto ciki da waje, a canza murfin tankin ruwa da manyan robobi, a tabbatar kulocin fanka na kamawa idan allura ta kusanci 100. A zuba rabi ruwan sanyaya inji, rabi ruwa mai tsabta. Ruwan rijiya zalla na cin kan silinda, wanda na alminiyom ne. Idan ruwa na raguwa ba yoyo, ko roba ta kumbura tauri jim kaɗan da tada inji mai sanyi, gasket ɗin kai ne.

Yaushe za a hau titi?

Bayan birki, ba kafin nan ba, kuma fenti shi ne na ƙarshe a layi. Man birki na shan danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. A zuƙe tsohon, a zuba DOT 4, a fitar da iska daga tayar baya ta dama, baya ta hagu, gaba ta dama, gaba ta hagu. Robobin birki huɗu a canza su, domin suna kumbura ta ciki su riƙe birki a kame. A ɗaga kowace taya a juya da hannu. Birkin ajiya, wanda a yawancinsu da ƙafa ake takawa, yana da takalmansa daban a cikin faifan baya, sukan manne.

Taya kuwa kada zanenta ya ruɗe ka. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Wadda ta kai shekara goma, ko ta zauna a sace har gefenta ya tsage, ta gama. A leƙa ƙasa a duba faifan roba biyu na farfela, a auna caji yayin da inji ke aiki, ya kasance tsakanin volt 13.8 da 14.4, a kuma canza tsofaffin fis duka, domin rabin abin da ake kiran ɗan rewaya a kansa datti ne a bakinsu. Fitar farko kada ta wuce kilomita biyar a cikin unguwa, ido na kan allurar zafi da ta baƙin mai. Da an dawo a taɓa kowane rim da bayan hannu: wanda ya fi sauran zafi, birkinsa bai saki ba.