Nauyi, ƙarfi da daidaito a cikin gini

A fannin zane da fasaha, ana kiran abu "tsayayyen gini" idan yana ɗaukar nauyin kansa da wanda aka ɗora masa ba tare da ya karye, ya lanƙwashe ko ya kife ba. Ma'anar ba ta tsaya ga ɗaki ba: gada, kujera, rumbu da amalanken jaki duk suna ciki. Ana auna ƙarfin da ke aiki a kansu da ma'aunin niyuton, kuma kilo ɗaya yana danna ƙasa da ƙarfin da ya kai kimanin niyuton 9.8.

Nauyi iri biyu ne. Akwai zaunanne, wato na bango da rufi, sai mai zuwa ya wuce, kamar na mutane, kaya, iska da ruwa. Na biyun ya fi wuyar lissafi. Ambaliyar Satumbar 2010 a Sakkwato, wadda ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta nuna yadda ruwa ke tura gini daga gefe yana kuma zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Ƙarfi yana taɓa kayan gini ta hanyar matsi, ja, lanƙwasa, murɗa ko yanka. Biyun farko su ne tushen sauran. A ɗora itace a kan bango biyu a hau tsakiyarsa: samansa na matsewa, ƙasansa na miƙewa, kuma daga ƙasan tsaguwa ke farawa.

Maginan Hausa sun daɗe da sanin wannan, ko da ba da waɗannan sunaye ba. Laka tana jure matsi amma ba ta jure ja. Shi ya sa ake jera tubali da faɗin gindi, bangon yana sirancewa yayin da yake hawa, rufin kuwa a bar wa azara. Azara daga giginya ake tsaga ta, tana da jijiya, gara ba ta cika cin ta ba, sai dai idan ta haura mita biyu babu matokari sai ta soma sankacewa. Domin faɗaɗa soro, magini yakan dasa azara a cikin bango, ya ɗaure wata a kanta tana ɗan leƙowa gaba, haka daga kowane gefe har su haɗu a sama, sannan a yaɓe. Wannan shi ne bakan gizo, wanda ke karkata nauyin rufi ya gangara cikin bango. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, shi ne misalin da aka fi ambata.

Kankare ma halinsa ɗaya da laka: ƙarfinsa wajen ja kimanin kashi ɗaya cikin goma ne na ƙarfinsa wajen matsi. Rodi ke yi masa aikin da azara ke yi wa soro, don haka a ƙasan linta ake shimfiɗa shi. Simintin Kalambaina komai kyansa ba zai ceci lintar da aka rage wa rodi ba.

Daidaito kuma batu ne na cibiyar nauyi, wato wurin da ake ɗauka cewa duk nauyin abu ya taru. Muddin layin da ya sauko daga cibiyar ya faɗa cikin gindin abu, ba zai kife ba. Rumbun laka da ake gani a ƙauyukan Sakkwato yana zaune a kan duwatsu da aka baza a da'ira, hatsin da ke cikinsa kuma yana ƙara sauko da cibiyar ƙasa. Motar da aka laƙa wa buhunan albasa har sama da bodi cibiyarta ta hau, kwana kaɗan ya ishe ta.

Siffa ma tana da tasiri. Firam mai kusurwa huɗu yana karkacewa idan an tura shi, alwatika kuwa ba ta canza siffa sai an karya gefenta, abin da ya sa kafintoci ke haɗa katakon rufin kwano a alwatika. A farkon damina, lokacin da hadari ke tasowa da iska daga gabas, matsalar takan juye: iskar sama take ɗaga kwano, sai ya zama ɗaurin da ke tsakanin katako da bango ne ke riƙe da rufin.