Waiwaye: Baftismar Malamin da Ya Ci Amana

Duk lokacin da asirin wani fasto ya tonu, sai ka ji waɗanda ya yi wa baftisma suna tambaya cikin damuwa: tamu tana nan, ko sai an sake? Wannan tambaya ta taɓa tsaga ikkilisiyar Afirka ta Arewa gida biyu.

A shekara ta 303 Sarkin Roma Diyokletiyan ya ba da umarni a rushe majami'u, a ƙone Littattafai Masu Tsarki. Wasu shugabanni suka ƙi miƙa littattafan, aka kashe su. Wasu suka miƙa. Bishop na Kartaj, a Tunisiya ta yau, dabara ya yi: ya ɓoye na gaske, ya bar wa jami'ai littattafan 'yan bidi'a.

Da ƙura ta lafa, wajen 311 aka naɗa Sisiliyan bishop na Kartaj. Nan take bishop-bishop na Numidiya, wani yanki a Aljeriya ta yau, suka ce naɗin bai yi ba, wai Feliks, wanda ya ɗora masa hannu, yana cikin masu miƙa littattafai. Suka naɗa nasu, daga baya Donatus ya gaje shi. A ganinsu hannun da ya ci amana ba ya iya ba da tsarki, don haka duk wanda ya zo wurinsu sai sun sake masa baftisma.

Abin baƙin ciki, gaskiyar da ake faɗa a kanta ita ta fara shan wuya. Binciken da aka yi wajen 315 ya wanke Feliks, aka gano an yi ƙari na jabu a wasiƙar da ake zarginsa da ita. A 320 kuma aka tabbatar Silbanus, bishop na garin Sirta a Numidiya, jigo a ɓangaren masu zargin, shi da kansa ya miƙa kayan ikkilisiya. Taron bishop-bishop da aka yi a Arles, a Faransa ta yau, a 314 ya riga ya goyi bayan Sisiliyan, amma rikicin ya ci gaba fiye da shekara ɗari.

Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba a Aljeriya, shi ya kawo amsar da yawancin ikkilisiyoyi suke riƙe da ita har yau. Ya tsaya kan Yohanna 1:33, inda aka ce Almasihu ne mai yin baftisma da Ruhu Mai Tsarki, ya ce ko Bitrus ne ya yi baftisma, ko Yahuza maci amana, Almasihu ne mai yin ta. Na yarda da shi, domin ba mai iya leƙa zuciyar malami kafin ya shiga ruwa. Sai dai wannan kariya ce ga mai bi, malamin kuwa hisabinsa na jiransa.

Inda ban bi Agustin ba shi ne yardar da ya yi hukuma ta tilasta wa mutane. Bayan babban taron Kartaj na 411, inda kowane ɓangare ya zo da bishop fiye da 270, aka yanke hukunci a kan mabiya Donatus, aka ci su tara, aka ƙwace majami'unsu. Duk da haka, a ƙarshen ƙarni na 6 Fafaroma Giregori yana ta rubuta wasiƙu yana kukan cewa ana sake baftisma a Numidiya.