Tagwayen cuta: idan damuwa da shaye-shaye suka haɗu a jiki ɗaya

Likitocin ƙwaƙwalwa suna da suna na musamman ga mutumin da ya zo musu da ciwo biyu lokaci guda, wato larurar ƙwaƙwalwa da kuma kamuwa da shaye-shaye. A Hausa ba mu riga mun raɗa masa suna ba, amma "tagwayen cuta" ya fi dacewa a ganina, domin halin tagwaye gare su: tare suke tashi, idan ɗaya ya yi kuka ɗayan ma sai ya ɗauka. Larurar kan zama kowace iri, sai dai ciwon damuwa na cikin waɗanda aka fi gani tare da ƙwaya.

Sai an fara tsefe kalmar "damuwa" tukuna, don ta yi yawa a bakinmu. Wanda kuɗin haya ya sha masa kai yana cikin damuwa, haka wadda aka yi wa kishiya. Wannan ba ita likita yake nufi ba. Ciwon damuwa shi ne mutum ya yi aƙalla mako biyu, kusan kullum, zuciyarsa a cunkushe ko kuma komai ya fita daga ransa, har abin da a da yake so. Barci ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, abinci ba ɗanɗano, jiki ba ƙarfi, tunani ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ganin kansa ba shi da wani amfani, wani lokaci har ya riƙa cewa gara mutuwa. Mutanenmu ba su cika cewa "ina baƙin ciki" ba. Ciwon kai za ka ji, ko zafi a tsakar ka, ko "jikina ne ya mutu", sai a yi ta maganin maleriya da taifot. Shi kuwa kamuwa da ƙwaya ya wuce gwaji: mutum ya so bari ya kasa, kullum sai ya ƙara yawa kafin ya ji ta, idan bai samu ba jiki ya rikice, kuma yana ganin ɓarnar da take masa amma bai fasa ba.

A ɗauki matashi mai tuƙa adaidaita sahu. Mahaifinsa ya rasu, nauyin gida ya dawo kansa, ga balas ɗin mai babur kullum. Ya daina zama majalisa, ya daina kallon ƙwallo, da safe kamar an ɗaure shi a katifa. Wani abokin sana'a ya miƙa masa tiramadol, ya ce za ta ba shi ƙarfin aiki. Ta kuwa ba shi, har ya ji duniya ta ɗan yi haske. Bayan wata shida guda ɗaya ba ta isarsa, ranar da bai sha ba kuwa sai hamma da gumi da ciwon gaɓoɓi, da wani irin baƙin ciki da ya fi na farko. A gida abin da aka gani shi ne fankon ƙwaya a aljihun wando. "Yaron nan ya lalace," in ji kawu. Ba wanda ya tuna cewa ya daina dariya tun kafin ya san launin ƙwayar.

Tiramadol tana da wani sirri da ya sa take saurin kama masu damuwa. Ban da kashe ciwo irin na danginta, kodin da sauransu, tana kuma taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa guda biyu, serotonin da noradirenalin, waɗanda su ne wasu magungunan damuwa na asibiti suke aiki a kansu. Ke nan yaron bai yi ƙarya ba da ya ce tana yaye masa ƙunci. Magani ya yi wa kansa, ba awo, ba likita, da ƙwaya mai nauyin miligiram 225 ta bayan fage, alhali ta asibiti 50 ce ko 100. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Edward Khantzian, ya yi fice da wannan bayani tun 1985: da yawa ba nishaɗi suke nema ba, sauƙin raɗaɗi suke nema.

Amma hanyar ba ɗaya ba ce. Wani lafiyarsa ƙalau ya fara sha, ƙwayar ce ta jefa shi cikin damuwa, ko dai ta hanyar dagula ƙwaƙwalwa, ko ta abin da ta jawo masa: bashi, korar makaranta, mutuwar aure. Yadda likita yake rarrabewa shi ne ya bi tarihi, wanne ya riga wanne, sannan ya duba ko damuwar ta dushe bayan kamar wata guda da barin sha. Idan ta zauna daram, to ciwo ne mai zaman kansa. Nan ne uwa ko mata ko aboki suke da rana, don su ne suka san lokacin da mutum ya canza.

Abin ba ƙarami ba ne. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1990 ya gano cewa fiye da rabin masu matsalar ƙwaya sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. A Najeriya, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Matan nan su aka fi mantawa. Wadda take kurɓar kodin a ɗaki bayan haihuwa, ko bayan saki, ba a majalisa za a gan ta ba. A 2018 ɗin ne gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, kwalba ta yi tsada, amma abin da ya sa ake shan bai tafi ko'ina ba.

A da, ko a ƙasashen da suka ci gaba, wasan tura-tura ake da irin wannan majiyyaci. Masu maganin damuwa su ce je ka daina sha ka dawo, masu maganin shaye-shaye su ce je ka warke tukuna. Yanzu an dawo daga rakiyar wannan. Abin da aka tsaya a kai shi ne a yi maganin biyun tare, a hannun mutane ɗaya. Ana farawa da sauke mutum daga ƙwayar a gaban ma'aikatan lafiya, kuma a nan akwai kashedi: wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, ko ƙwayoyin barci irin su diazepam da roci, idan aka yanke masa rana ɗaya yana iya yin jijjiga kamar mai farfaɗiya, har rai ya salwanta. A hankali ake ragewa. Sai maganin damuwa, irin su fluoxetine ko sertraline ko amitriptyline kamar yadda sunansu yake a jikin kwali. Ba sa bugarwa, kuma ba sa aiki nan take, sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani har shida. Wanda ya saba da ƙwayar da take tashi cikin rabin awa yakan ce wannan ba ya komai, ya watsar. Ko an ji sauƙi kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida. Tare da wannan akwai zaman tattaunawa da masani, inda ake koya wa mutum gane abin da yake tunzura shi, da zama da iyali, da neman abin yi.

Mari da bulala ba sa cikin lissafin. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye da yawa da kyakkyawar niyya suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare, don ba su san wata ƙofa ba. Sarƙa tana iya raba mutum da ƙwaya na 'yan watanni, amma mai damuwa ƙara nutsewa yake yi. Addu'a da nasihar malami suna da gurbinsu, ba su hana zuwa asibiti ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. A farkon 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Idan mai shaye-shaye ya fara zancen mutuwa, ko yana neman gafarar mutane ba gaira ba dalili, kada a ce maye ne. Haɗuwar cutukan biyu tana ƙara haɗarin kashe kai, don ƙwaya tana cire wa mutum birki. A kwashe magunguna da fiya-fiya daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Kuma a gaban likita a faɗi komai, har da yawan da ake sha. Tiramadol idan ta gamu da fluoxetine ko sertraline a jiki tana iya kawo zazzaɓi da karkarwa da jijjiga. Idan majiyyacin yana jin nauyin faɗa, a tafi da fankon ƙwayar a ajiye wa likita a kan tebur.