Riƙe walat ba laifi ba ne, buɗe na wani ne laifi

Saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp cewa duk wanda aka samu da walat ɗin kirifto (manhajar ajiye kuɗin intanet) a wayarsa, shekara bakwai zai yi a gidan yari. Wani yaron shagona har ya goge nasa, bai kuwa rubuta kalmomin sirrin da ake dawo da walat da su a ko'ina ba. 'Yan kuɗinsa sun tafi ke nan, ba ɓarawo ba ɗan sanda.

Shekara bakwai ɗin tana nan a Dokar Laifukan Intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sai dai ba don mai walat aka rubuta ta ba. Sashe na 6 yana magana ne a kan wanda ya kutsa cikin kwamfuta ko hanyar sadarwa ba da izini ba, da nufin zamba. Hukuncin farko bai wuce shekara 5 ko tarar naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. In ya shiga ne don kwasar bayanai ko sirrin kasuwanci, sai ya kai shekara 7 ko miliyan 7. Dokar ta hau kan kowa, kamfani da ɗaiɗaikun mutane.

Inda ake rikicewa: farkon sashen ya ambaci bayanan tsaron ƙasa, sai wasu samari suka ɗauka sayar da kalmomin sirrin walat ɗin talaka ba komai ba ne. Su ƙarasa karatu. A ƙasa kaɗan, sashen ya ce mai fataucin kalmar sirri da gangan, ko mutum ɗaya abin ya cutar, yana iya shan shekara 3 ko tarar miliyan 7.

Me ya sa aka matsa a kan izini? Domin kundin blockchain, inda ake rubuta hada-hadar kirifto, da wuya a fasa shi. Makulli ake sacewa. A Maris 2022 aka kwashe sama da dala miliyan 600 daga Ronin, wata hanyar hada-hadar kirifto. Sa hannu biyar cikin tara ake buƙata kafin kuɗi su fita, ɓarayin suka haɗa biyar ɗin, na ƙarshe ta hanyar wani izinin wucin gadi da aka bayar watanni kafin nan, aka manta ba a soke ba. Sai bayan kwana shida aka farga.

Jinkirin kai rahoto kuwa, shi Sashe na 21 yake yaƙa. A da kwana 7 ne, yanzu sa'o'i 72 aka ba wanda aka kai wa hari ya kai rahoto ga ngCERT, cibiyar gwamnati mai kula da hare-haren intanet. In bai kai ba, tarar naira miliyan 2, a kuma yanke masa intanet. Ga babban kamfanin musayar kuɗi, daidai ne, don ɓoye sata cutar masu ajiya ce. Amma ƙaramin ɗan kasuwa a Kano da ko sunan ngCERT bai taɓa ji ba, a ce ga mari ga tsinka jaka, a ganina an tsananta masa.