Mazaɓar sanata ta 38 a Kalifoniya: yadda doka ta riƙa sauya mata iyaka

A Najeriya kowace jiha majalisar dokoki ɗaya gare ta, sanatoci kuma a Abuja suke. A Amurka ba haka abin yake ba. Ban da Nebraska, kowace jiha tana da majalisu biyu nata na kanta, ta wakilai da ta dattawa, kuma babu ruwansu da majalisar tarayya da ke Washington. Jihar Kalifoniya tana da sanatocin jiha 40, kowanne da mazaɓarsa mai lamba. Tarihin ta 38 ya isa ya nuna wa mutum yadda dokar shata iyaka take aiki.

A shekarar 1926 masu zaɓe a jihar suka amince da wani tsari da ya kwaikwayi na tarayya. Za a raba kujerun majalisar wakilai bisa yawan jama'a, na dattawa kuwa bisa gundumomi. Ƙa'idar ta ce babu gundumar da za ta samu sanata fiye da ɗaya, kuma ba za a haɗa gundumomi fiye da uku a mazaɓa guda ba. Manoma da mutanen arewacin jihar ne suka fi goyon bayan abin, don suna ganin Los Angeles na ta bunƙasa, suna tsoron kada ta shanye majalisun biyu gaba ɗaya.

Ta haka gundumar Los Angeles dukkanta ta zama mazaɓa ta 38. Zuwa ƙidayar 1960 mutanenta sun haura miliyan 6, sanatansu ɗaya tak. Can cikin duwatsun gabas kuwa, gundumomin Alpine da Mono da Inyo, waɗanda jama'arsu a haɗe ba su wuce dubu 14 da 'yan kai ba, su ma sanata ɗaya. Wato nauyin ƙuri'ar mutum ɗaya a can ya ninka na mazaunin Los Angeles sau sama da 400. An kai batun gyara gaban masu zaɓe a 1948 da 1960 da 1962, duk ya faɗi.

Kotu ce ta kawo ƙarshen abin, kuma ƙarar ma ba daga Kalifoniya ta taso ba. Jihar Alabama ta shafe wajen shekara 60 ba ta sake rabon kujerunta ba, sai wasu mazauna birni suka garzaya kotu. A watan Yuni na 1964, a shari'ar da aka sani da Reynolds da Sims, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dole a raba kujerun majalisun jiha duka biyu bisa yawan jama'a. Ta dogara ne da gyara na 14 na kundin tsarin mulki, wanda ya wajabta wa jiha ta ba kowa kariya iri ɗaya a gaban doka. Alƙalin alƙalai Earl Warren ya rubuta cewa mutane 'yan majalisa ke wakilta, ba itatuwa ko kadada ba.

To me ya sa majalisar dattawan tarayya ta tsira, inda kowace jiha ke da biyu komai ƙanƙantarta? Amsar kotu ita ce wannan yarjejeniya ce da jihohi suka ƙulla tun kafa ƙasar, kuma tana rubuce a kundi. Gunduma kuwa jiha ce ta ƙirƙire ta, ba ta taɓa zama mai cin gashin kanta ba. Wani abin lura, shi Warren ɗin lokacin da yake gwamnan Kalifoniya ya kare tsohon tsarin a 1948.

A 1965 kotun ƙolin jihar ta tilasta a sake shata mazaɓu, aka yi zaɓen 1966 da sabuwar taswira. Los Angeles ta tashi daga sanata ɗaya zuwa sama da goma. Tun daga nan ake sake zana layukan bayan kowace ƙidaya, wato duk shekara goma.

Sai dai daidaita adadi bai hana maguɗi da alƙalami ba. A wancan lokacin 'yan majalisa ne da kansu ke zana taswirar, kowa na jan layi inda zai fi masa daɗi. Sau biyu aka yi kiki-kaka tsakaninsu da gwamna, zamanin Ronald Reagan da zamanin Pete Wilson, har sai da kotu ta naɗa masana suka zana, a 1973 da 1991. A 2008 masu zaɓe suka ƙwace aikin suka miƙa wa hukumar 'yan ƙasa mai mutum 14: biyar 'yan Democrat, biyar 'yan Republican, huɗu da ba sa cikin ko ɗaya. Taswira ba ta wucewa sai da ƙuri'a tara, aƙalla uku daga kowane rukuni. A ganina wannan sharaɗin shi ne ƙashin bayan dokar, domin ko manyan jam'iyyun biyu sun haɗa baki ba su isa su kaɗai ba.

Doka ta jero wa hukumar abin da za ta bi daki-daki. Yawan jama'a ya zo kusan ɗaya, a kiyaye dokar tarayya ta 1965 mai kare ƙuri'ar tsiraru, mazaɓa ta zama a haɗe ba guntu-guntu ba, a guji tsaga gari ko unguwa ko al'ummar da buƙatunta ɗaya ne. An kuma hana ta duba inda ɗan majalisa mai ci yake zaune. Bayan ƙidayar 2020 kowace mazaɓa ta kama mutum kusan dubu 990.

Lambar 38 ta daɗe da barin Los Angeles. A taswirar 2011 tana can nesa da teku a gundumar San Diego. Ta 2021 ta dawo da ita bakin teku, ta haɗa arewacin San Diego da kudancin gundumar Orange, inda Catherine Blakespear ta ci kujerar a 2022.

Lambar kanta tana da aiki. Wa'adin sanata shekara huɗu ne, amma rabi-rabi ake zaɓe: mazaɓu masu lambar da ke rabuwa biyu daidai suna zaɓe tare da gwamna, sauran tare da shugaban ƙasa. Wanda ya zaɓi sanata a 2018, sabon layi ya jefa gidansa cikin mazaɓa mai lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, sai 2024 ya sake zaɓe, shekara shida ke nan. Maƙwabcinsa da aka yi wa akasin haka ya jefa ƙuri'a a 2020, ya kuma jefa a 2022. A tsakanin nan majalisar kan ɗora wa wani sanata alhakin sauraron koken yankunan da aka bari babu wakili.